Yatsa Uku

Shekara talatin da huɗu Goggo Tela ta yi tana taka keke a shago ɗaya, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, wanda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa yana miƙo wuya. Keken ya tsufa, ita ma ta tsufa, kuma an rasa wanda zai riga wani ajiye aiki. Bayanta ya ranƙwafa daidai tsayin teburin. Tabaranta an ɗaure masa ƙafa ɗaya da baƙin zare. Tef ɗin awo kuwa ya daɗe a wuyanta har lambobin farko sun goge, sai dai ta cike su da ka. Ka tambaye ta ya gida, ta ce maka da sauƙi, alhali ba wanda ya kwanta ciwo. Gajiya ce kawai ta zame mata jiki.

Halaye biyu aka san ta da su a layin. Na farko, ba ta yi wa yaro ɗinki cif-cif. Duk rigar yaro da ta fita daga hannunta, in ka juya cikinta za ka tarar ta naɗe yadi faɗin yatsa uku a kowane gefe, ta danne shi da guga. Su bakwai ne mata a ɗakin uwarsu, ita ce ta biyar, kuma riga ɗaya sai ta zaga kan kowa kafin ta koma tsumman goge tukunya. A nan ta koyi cewa yaro kullum kan hanya yake, dole a bar masa wurin da zai iso. In uwar yaro ta yi ƙorafin ɓarnar yadi, Goggo ba ta ko ɗaga kai. "Bayan wata shida ki dawo ki yi mini godiya," abin da take cewa ke nan, kuma suna dawowa.

Na biyu, da ƙarfi take kiran awo. Tsohon telan da ya koya mata sana'a haka yake yi, yana aunawa yana kira, ita tana rubutawa. Ya rasu da daɗewa, ba ta da mai rubuta mata, amma bakin ya riga ya saba. Za ta zagaya tef ta ce, "Kafaɗa sha huɗu! Ƙugu talatin da biyu!" sannan ta sunkuya ta rubuta da kanta a wani littafi mai baƙin bango. Mai kitson da ke shagon kusa da ita ta sha cewa ita kam ta haddace ƙugun matan unguwa kaf, ba tare da ta tambayi kowa ba.

Cikin masu kawo mata ɗinki akwai wata mawaƙiya da kowa ke kira Tauraruwa. Goggo ta san ta tun tana 'yar shekara sha tara, lokacin da take zuwa da yadi uku a leda tana roƙon a fitar mata da riga da ɗankwali a ciki. Yanzu fuskarta ce a allunan talla a manyan tituna, motarta ma ba ta iya shiga layin sai an matsar da teburin mai lemo. Duk da haka ba ta canja tela ba. Ba don ƙauna kaɗai ba, a gaskiya. Goggo ta san sau nawa aka rage mata riga bayan haihuwa, ta san ɗamarar roba da take ɗaurewa a ciki har numfashi ya gagare ta, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

'Ya ɗaya Tauraruwa ta haifa. Goggo ce ta sa mata Tsigi, sunan wani ɗan tsuntsu, don tun tana rarrafe ba ta zama wuri ɗaya, daga ƙarƙashin tebur sai cikin kwandon ƙyallaye, ta fito da zare a gashi. Amma ban da Goggo ba mai kiran ta haka. Duniya ta san ta da Ƙaramar Tauraruwa, kuma duniya ta riga dangin ubanta ganin fuskarta, domin ko kwana ɗaya ba ta cika ba aka sa hotonta a shafin uwar na intanet. Tana shekara biyu ta yi tallar sabulu. Tana shekara biyar aka buɗe mata nata shafin. Daga nan fa mutanen da ba su taɓa goya ta ba, ba su taɓa share mata majina ba, suka mai da ita abin zaman shawara. Wannan ya ce hancin uban ta ɗauko, kaico. Waccan ta ce ai uwar ta fi ta haske, a nemo mata mai. Wani ya ce kumatun sun yi yawa.

Goggo ba ta da irin wayar nan, mai kitso ce ke leƙowa tana karanta mata in kasuwa ta yi sanyi. Yarinyar na cika goma sai mai kitso ta fara tsallake wasu layuka.

"Me ya sa kika yi shiru? Karanta mana."

"Goggo, wannan ba ya karantuwa. Wani ƙato ne, ga hotonsa nan da furfura a gemu. Wallahi ya yi jika da ita."

"Me ya ce?"

"Abin da ba a faɗa wa 'yar mutane."

Goggo ta tsaya da taka keke. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta yi ta Allah wadai har la'asar, ta karya allura biyu. Amma ɓacin ran tela a ƙarƙashin bene bai taɓa hana kowa rubuta abin da ya ga dama ba. Washegari ta ci gaba da ɗinkinta.

Wata Talata da hantsi suka zo su uku: Tauraruwa, da Tsigi wadda ta shiga sha biyu, da wata matashiya mai dogayen farata da ke kula musu da shafukan, wadda kowa ke ce wa Manaja. Za a ƙaddamar da wani turare da sunan yarinyar, ana son rigar da za ta sa a wurin taron. Goggo ta fara miƙa musu wata koriyar rigar zaman gida da ta gama wa Tsigi tun makon jiya, aka jefa ta a jaka ba wanda ya ko warware ta. Tauraruwa ta koma bakin ƙofa tana amsa waya. Manaja ta ajiye yadi mai sheƙi a tebur, ta tura wa Goggo waya a fuska.

"Mama, irin wannan muke so, sak."

Goggo ta gyara tabarau. Wata mata ce a hoton, za ta yi talatin, cikin rigar da ta kama ta kamar a jikinta aka ɗinka, bayan a buɗe, gefen a tsage.

"Ta uwar ce ko ta 'yar?"

"Ta Ƙarama ce mana."

"Wannan ai rigar matar aure ce, ita ma wadda ta yi faɗa da surukarta."

Manaja ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Mama, zamani ne. Mabiyanta sun gaji da ganin ta a kayan yara. Kuma don Allah wannan karon kar ki cusa tarin yadin nan naki a ciki. Yana kumbura ta a hoto, sai mun yi ta gogewa."

Goggo ta kau da wayar daga fuskarta. Ta zaro tef daga wuya ta yafito yarinyar. Tsigi ta zo ta tsaya ƙiƙam, ta ɗaga hannuwa tun ba a ce ta ɗaga ba. An shafe mata fuska da hoda, an zana mata gira. Da can in ana auna ta sai an yi kokawa, tana dariya tana cewa tef na yi mata cakulkuli. Yau ko motsi babu.

"Tsawo hamsin da takwas! Kafaɗa sha uku!"

Da ta zagaya tef a ƙugu sai ta ji cikin yarinyar ya shige, ta ɗauke numfashi.

"Saki cikinki, ba sata kika yi ba."

"Na saki, Goggo."

"Ƙugu ashirin da biyu!"

Sai ta ga Tsigi ta yi murmushi. Murmushin yaron da aka kira sunansa na ɗaya a aji. Goggo ta sunkuya za ta rubuta, hannunta ya tsaya. Ta lashi yatsa ta koma baya a littafin. Shekara tara: ashirin da biyu. Shekara goma: ashirin da uku da rabi. Sha ɗaya: ashirin da biyar. Wata shida da suka wuce: ashirin da huɗu. Yau kuma an koma ashirin da biyu, alhali tsawo ya ƙaru da kusan taƙi guda. Shekara talatin da huɗu tana cika littattafai da awon yara, ba ta taɓa ganin lamba tana tafiya da baya ba sai a wurin wanda ya tashi daga jinya.

Kuma ta tuna ranar ashirin da biyar ɗin. Shagon cike yake, har da wasu mata biyu a kan benci. Ita ce da bakinta ta ɗaga murya ta ce, "Ashirin da biyar! Kai, Tsigi an fara zama kurciya!" Kowa ya yi dariya. Sai yanzu ta tuna cewa yarinyar ba ta yi ba.

Manaja ta fita neman inda waya ke kamawa. Tsigi ta matso ta rage murya.

"Goggo, ki daina bar mini rarar nan a cikin riga. Ba zan cika ta ba."

"In ji wa?"

"Na yi alkawari."

"Wa kika yi wa alkawarin?"

Yarinyar ta ɗaga kafaɗa. "Mutane."

"Su wane ne mutane? Suna da suna? Sun san inda kike kwana?"

"Sun ce in na yi ƙiba na lalace tun ban girma ba. Mutum dubu huɗu suka danna wa maganar alamar so." Ta kalli littafin. "Ke ma ai kin ce na zama kurciya."

Goggo ta ji kamar an soka mata allura a ƙarƙashin farce. "Me kika ci yau?"

"Na sha ruwa da lemon tsami."

"Jiya fa?"

Yarinyar ta juya tana kallon ƙofa. Goggo ta ce ta je mota ta jira, sannan ta kira uwar ciki, ta ja labule. Ta juya mata littafin, ta bi lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Tauraruwa ta duba, ta zauna a kan benci, ta zare takalmi mai tsini tana murza diddige. A kusa haka, ƙarƙashin kwalliyar, idanunta duk sun faɗa.

"Tsawo take yi, Goggo. Yara in suna tsawo ai ramewa suke."

"Ke 'yar nan, yara nawa kika auna? Ni na auna dubu. Yarinyar nan yunwa take kwana da ita a gidan da ake zubar da abinci."

"To ya zan yi? Na hana ta waya, ta karɓi ta direba. Na rufe sharhi, aka ce ina ɓoye wani abu. Ni ma haka suka yi mini, kin sani, ke kike rage mini kaya. Ga ni nan ban mutu ba."

"Ke kina da sha tara, da ƙafarki kika shiga. Ita fa? A zanin goyo kika kai ta."

Maganar ta yi zafi, kuma Goggo ta san ta yi zafi tun kafin ta gama fita. Tauraruwa ta mai da takalminta.

"Mun sa hannu da kamfani, an buga katin gayyata. Za ki ɗinka ko ba za ki ɗinka ba?"

"Zan ɗinka mata rigar 'yar sha biyu, mai baya, mai yatsa uku a ciki. Waccan kam a kai wa wanda bai taɓa goyon ta ba."

"Tela ce ke ko likita?"

"Tela ce. Shi ya sa na gani."

Tauraruwa ta naɗe yadin da kanta ta fita. Aka matsar da teburin mai lemo, mota ta wuce.

Telolin gari ba su ƙare ba, cikin kwana uku wani ya ɗinka. Mai kitso ta shigo da hoton, Goggo ta ce ba ta son gani, sannan ta karɓa ta gani. Ɗinkin ya yi kyau, wannan ba ta musa ba. Yarinyar ce dai ba ta gane ba, sai da ta nemo kunnuwan, su kaɗai ba a taɓa ba. A ƙasa an yi ta yabo, wai ta girma, wai ta fi uwar. Mai kitso ta tsallake layuka da yawa a ranar, fiye da waɗanda ta karanta.

Goggo ta ci gaba da aikinta. Kayan makaranta, rage wando, canja zif. Abu ɗaya ne ya canja: mai kitso ta lura ta daina jin lambobi ta bango. Ta leƙo ta tambaya ko maƙogwaro ne ke damun ta. Goggo ta ce a'a, ta dai gaji da magana ne. Sau da yawa bakin yakan buɗe da kansa, "Ƙugu...", sai ta haɗiye sauran ta rubuta. Abin da aka yi shekara talatin da huɗu ana yi ba ya barin mutum da sauƙi, har ciwon haƙora ta yi don cije baki.

Bayan wata biyu hotunan Tsigi suka daina fitowa. Masu sharhi suka shiga aikinsu. Wasu suka ce an kai ta karatu waje, wasu suka ce uwar ce ke kishi da ita, wasu suka faɗi abin da ya fi haka muni a kan yarinyar da ba ta gama firamare da daɗewa ba. Goggo tana da lambar uwar a bangon littafi. Sau uku tana ba mai kitso ta danna mata, sau uku tana cewa bari, kar a ce ta kira ne don a ce mata ta yi gaskiya. Tsoro take ji, shi ne gaskiyar maganar.

Sai da aka yi wata bakwai. Ranar da safe tana cikin share zare a ƙasa, wata mata ta tsaya a ƙofa da baƙin mayafi da silifas, fuska ba ko hoda. Sai da ta yi sallama Goggo ta gane muryar.

"Ina motar?"

"Na bar ta a bakin titi." Tauraruwa ta zauna a bencin ba a ce ta zauna ba. "Yarinyar nan ta faɗi a makaranta, Goggo. Sati biyar muka yi a asibiti. Cokali-cokali aka koya mata cin abinci, kamar jaririya. Har yanzu sai na zauna a gabanta na ci, sannan take ci." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na ƙara inci huɗu. Masu sharhi sun ce ciki gare ni."

Goggo ba ta ce na faɗa miki ba. Ta so ta ce, amma ta duba fuskar ta ga ba sauran wurin da maganar za ta zauna.

Tauraruwa ta buɗe leda ta fito da koriyar rigar nan ta zaman gida. Ta koɗe don wanki. "Ita kaɗai take yarda ta sa, tun a asibiti. Shekaranjiya ta ji ta fara kama ta a ƙugu, ta yi ta kuka, ta ƙi cin abincin rana. Na ce a sayo wata, ta ce a'a. Likita ta ce kar a bari riga ta matse ta ko kaɗan." Ta miƙo rigar da hannu biyu. "Akwai saura a ciki?"

Goggo ta karɓa ta juya cikin. Yadin na nan a naɗe a gefe biyu, kwance yadda guga ta bar shi, launinsa ya fi na wajen kore don rana ba ta taɓa ganin sa ba. Ta ɗora yatsunta uku a kai, suka rufe shi daidai.

"Kira ta."

Tsigi ta shigo a hankali, cikin wata babbar rigar uwarta. Kumatun sun ɗan dawo, gashin ya yi shara-shara a gefe. Ta gaishe da Goggo a ladabce kamar baƙuwa, ta je ta tsaya inda ake tsayawa, ta ɗaga hannuwa. Goggo ta ga cikin ya shige.

Ta zare tef daga wuyanta, ta naɗe shi, ta jefa a aljihun tebur ta tura. Wuyan ya ji wani iri, sakayau. Ta ɗauki reza ta farke gefen rigar duka biyu, ta ce wa yarinyar ta zura. Sannan ta durƙusa da kyar, gwiwoyi na ƙara, ta cika baki da allurai, tana kama yadin da hannu tana maƙalawa.

"Yi numfashi. Ƙara. Cika cikin sosai, kamar kin ƙoshi."

Yarinyar ta saki numfashi. Goggo ta maƙala allura a inda cikin ya tsaya, ta ƙara ɗan sarari.

"Nawa ne, Goggo?"

"Ban auna ba."

"Amma ai kin sani. Ke ko da ido kina sani."

Gaskiya ne, ta sani, har da rabin incin. Lambar ta zo mata har bakin haƙora. Ta zare allurar ƙarshe daga baki ta soke a yadi.

"Na tsufa, Tsigi, ido ya tafi. Yatsa ɗaya na buɗe. Saura biyu suna jiran ki, kuma ba sauri suke ba."

Wayar Tauraruwa ta yi ƙara a cikin leda. Ta duba, ta ce Manaja ce, tun jiya take nema a ɗauki hoton dawowa, wai mutane suna tambaya. Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma kashe ba. Ta riƙe ta a cinya tana kallo har ta gaji ta yi shiru, sannan ta sake somawa.

Goggo ta dafa tebur ta miƙe. Ta karɓi rigar, ta zauna, ta nemo koren zare. Sau huɗu tana kai shi hancin allura yana kaucewa. Tsigi ta sunkuyo ta karɓa ta zura mata, sannan ta zauna a ƙasa kusa da kwandon ƙyallaye, ta jingina da ƙafar tebur. Wayar na ta ƙara. Goggo ta ɗora ƙafa ta fara taka keke.